Akwatin Jibin Ubangiji a Hannun Cleophus

Dala dubu huɗu da ɗari bakwai Mama Idella Boone ke bin Cleophus Gaither ranar da aka binne ta, kuma shi ne ya kama akwatin gawarta ta wajen kai, yana share hawaye da farin hankici. Ban da shi, mutum uku ne kaɗai suka san da wannan bashi: Fasto Whitlow, da ma'ajin coci wanda shi ma ya bi bayan Idella da wata takwas, sai Vergie Tolliver.

Vergie ce mai shirya Jibin Ubangiji a cocin Methodist na Harlan Bend, a kudancin jihar Jojiya, shekara talatin da ɗaya ke nan. Ita ke gasa gurasar, ita ke cika 'yan kofunan da ruwan inabi, ita ke wanke farin ƙyallen teburi ta goge shi. Ita ce kuma ke cika ƙaramin akwatin katako da ake kai wa tsofaffin da ƙafa ta daina kawo su coci. Da wannan akwatin Cleophus ya riƙa shiga gidan Idella, Lahadin farko ta kowane wata, shi kaɗai, har shekara biyu. Ya ba ta gurasa, ya ba ta ruwan inabi, ya rera mata waƙa. Rannan kuma ya miƙa mata biro.

Vergie ba ta san komai ba sai da ta ga motocin katako suna fitowa daga bayan gidan, itatuwan da mijin Idella ya dasa da hannunsa suna kwance a kai. Ta shiga ta tambaya. Idella ta ce, "Ai na rufin coci ne, 'yar nan. Cleophus ya ce kowa ma ya sa hannu."

Vergie ta kai ƙara, aka zauna a ofishin Fasto Whitlow tare da ma'aji, aka ja ƙofa. Cleophus ya zube ƙasa yana kuka har da majina. Dubu shida ya karɓa a hannun masu katako, ya zuba a aljihunsa. Fasto ya ce ba 'yan sanda, ba takarda.

"In muka rubuta, mun buga masa tambari har kabari," in ji shi. "Mutum ya tuba, Allah ya shafe, mu su wane ne da za mu adana?"

Aka yanke cewa Cleophus zai riƙa kawo ɗari ɗari duk wata, kuma har ya mutu ba shi ba akwatin Jibi, ba shi ba gidan tsoho shi kaɗai. Su kuma ukun za su yi shiru. Kowa ya ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki. Vergie ma ta ɗora. Ba wanda ya kama mata hannu, da kanta ta ɗora.

Wata goma sha uku ya biya. Idella na rasuwa ya ɗauke ƙafa, Fasto kuma bai bi ba. Amma dai ya tsare maganar akwatin. Duk sanda aka nemi mai kaiwa Cleophus ya ɗaga hannu, sai idon Fasto ya tsallake shi kamar benci ne ba kowa a kai.

To, mu 'yan Methodist dai an san mu, fasto ba ya tsufa a coci ɗaya. Yuni ya yi, bishop ya karanta sunaye a babban taro, kowa ya naɗe kayansa. Bana sunan Whitlow ya fito, aka tura shi wani coci mil ɗari biyu daga nan. Ya bar wa magajiyarsa makullai, da sunayen marasa lafiya, da 'yar takarda mai cewa famfon bayin maza yana yoyo, a riƙa murɗa shi hagu. Dokar da aka sa wa Cleophus kuwa a cikin kan Whitlow take, kan ya shiga mota ya tafi.

Sabuwar fasto, Renita Askew, shekararta talatin da biyu, ta zo da wani fayil mai kauri a hammata. Kuma gaskiya yarinyar ba raguwa ba ce. Sati biyu da zuwanta ta sa kafinta ya yanka taga a kowace ƙofar ajin yara. Ta ce daga yau babba ɗaya ba ya zama da yaro ko da tsoho marar ƙarfi, sai biyu. Duk mai wannan hidima sai an binciki sunansa wajen hukuma, sai kuma ya yi wani horo a kwamfuta. In aka kai wa tsoho Jibi, akwai 'yar takarda da zai sa wa hannu, a san wa ya je, yaushe ya fita. Vergie ta ji daɗin tagogin nan har ranta.

Ranar dangwala yatsa don binciken hukuma, Cleophus ne na farko a layi, yana barkwanci da kowa. Takardarsa ta dawo fara tas. Ina za ta yi baƙi? Ai su ne suka wanke masa ita a ofis, da hannuwansu a kan Littafi.

Ita kuwa Vergie, a aji huɗu aka cire ta daga makaranta don roron gyaɗa. Tana karanta Littafi mai manyan baƙaƙe da yatsa, a hankali. Sau uku kwamfutar tana rufe mata shafi kafin ta gama tambayar farko. Sai aka jingine sunanta daga masu ziyara har ta gama.

"Zan zauna da ke mu yi tare, Mama Vergie," in ji Fasto Renita. "Bari dai in sallami yaran makarantar hutu."

Lahadin farko ta Agusta, bayan an gama Jibi, Fasto ta ce an samu sababbin masu kai akwati: Ɗan'uwa Cleophus da matarsa Lurleen. Cleophus ya tashi ya ɓalle maɓallin kwat, ya taka gaba, ya karɓa da hannu biyu. Vergie na tsaye cikin fararen kaya, taku uku tsakaninsu. Ji ta yi kamar an watsa mata tafasasshen mai.

Ta tare shi a wajen ajiye motoci.

"Cleophus."

"Na'am, Mama Vergie! Kai, yau kin fito kamar amarya."

"Ajiye akwatin nan."

"Fasto ce ta ba ni."

"Fasto ba ta san ka ba."

Ya waiga, ya ga ba kowa kusa, ya rage murya yana murmushi. "Ni dai mai zunubi ne, ban taɓa musu ba. Amma ke, Mama? Ke da kika ɗora hannu a kan Littafi? Da wane baki za ki faɗa?"

Ya sa akwatin a kujerar baya, ya ja mota.

Washegari ta buga wa Fasto Whitlow waya. Ya tambayi gwiwarta, ya tambayi jikoki, ita ko ta katse shi ta gaya masa abin da ya faru.

"'Yar'uwa Vergie, ke ma kin san tsarinmu. Fasto in ya tashi, ya tashi. Ba ya sa baki a garken wani. Ko jana'izarki ce, Allah ya nisanta, ba zan zo ba sai ta gayyace ni."

"Da ka bar mata labarin famfon bayi, shi ba sa baki ba ne?"

"Wannan daban."

"Daban ne mana. Famfo ka tuna, ɓarawo ka manta."

"Kada ki kira shi haka. An gafarta wa mutumin nan."

"A can sama aka gafarta masa, Fasto. Corine da zai kai wa akwati a nan ƙasa take zaune."

Ya ce zai sa abin a addu'a. Ta ajiye wayar ba sallama, abin da ba ta taɓa yi wa mai wa'azi ba tunda aka haife ta.

Corine Pickens ita ce tsohuwa ta farko a jerin masu karɓar akwati. Shekararta tamanin da bakwai, ita kaɗai a gida, danginta na kusa wata 'yar ƙanenta ce can Detroit. Hankalinta yana zuwa yana tafiya, wata rana ta gane ka, wata rana ta kira ka da sunan wanda ya mutu tun tuni. Ita ce ta riƙe wa Vergie yara uku har shekara biyu lokacin da take aiki a kamfanin figar kaji, ko kwandala ba ta karɓa ba. A bayan gidanta kuma akwai eka goma sha tara na itatuwan katako, dogaye, ba a taɓa sa musu zarto ba.

Ba dokar da ta hana mutum kai wa ƙawarsa abinci. Ran Laraba Vergie ta dafa wake, ta gasa gurasar masara, ta tafi. Tun daga kwanar gidan ta hango su: 'yan ƙyallaye masu ruwan lemo an ɗaure a jikin itatuwa, ɗaya bayan ɗaya, har inda ido ya tsaya. Irinsu ta gani a bayan gidan Idella, alamar masu katako ce.

Corine na zaune a baranda da shayi mai ƙanƙara. Ranar kanta a sake yake.

"Ke Vergie, kin ji abin zamani? Yanzu Jibin Ubangiji ma sai da sa hannu! Na ce wa Cleophus, to a sama ma rasit za a nema?" Ta yi dariya har da tari.

"Takarda nawa kika sa wa hannu, Yaya?"

"Ɗaya, 'yar ƙarama. Ya ce wata mai zuwa biyu ne, akwai doguwa. Wai sabuwar fasto ce ke son komai a rubuce."

"Lurleen fa? Ta shigo?"

"Wace Lurleen? Au, matarsa. Ai tana cikin mota tana shan sanyi. Gwiwar nan tata ina za ta hau matakalata?"

"Su wa suka ɗaure wa itatuwanki ƙyalle?"

Corine ta juya ta daɗe tana kallo. "Ko yara ne? Ya yi kyau dai."

Vergie ta zuba mata waken, ta zauna har ta cinye. Sannan ta wanke kwanon.

Daga nan ofishin Fasto ta wuce. Ta zauna, jaka a cinya.

"Fasto, a canza mai kai akwati."

"Me ya yi, Mama?"

"Ban ce ya yi ba. Na ce a canza."

"In akwai wani abu, ki faɗa mini in rubuta, yau ɗin nan zan ɗauki mataki. In kuwa babu, ba zan cire mutum don jininku bai haɗu ba. Gobe wani zai zo ya ce in cire ki."

"Matarsa a mota take zama."

"To wannan kuskure ne, zan yi musu magana. Akwai wani?"

Vergie ta buɗe baki, ta ji kamar bangon Littafin nan yana ƙarƙashin tafinta har yanzu. Ta tashi ta fita. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne yarinyar ta fi ta gaskiya. Magana za ta yi musu! Lurleen ta shigo ta zauna ta kalli bango, shi ke nan an cika mutum biyu. Matar da shekara arba'in ba ta taɓa ce wa mijinta don me ba.

Sati uku Vergie tana juya abin. Tana yanka albasa tana juya shi, tana shanya tana juya shi. Ta yi fushi da Whitlow, ta yi fushi da ma'aji da ya mutu ya bar ta da kaya, ta yi fushi da bishop da takardar sunayensa. In ta gama zagayen sai ta dawo kan kanta.

Lahadin farko ta Satumba ta iso kicin ɗin coci da sassafe. Ta yanka gurasa, ta cika kofuna, ta shimfiɗa ƙyalle. Ƙaramin akwatin kuwa ta bar shi a buɗe, ba komai a ciki. Saura rabin awa a fara sujada Fasto Renita ta leƙo.

"Mama, akwatin fa?"

"Shigo ki ja ƙofa. Ɗauko biron nan naki."

Fasto ta zauna a kan kujerar yara, ta ɗora fayil a gwiwa.

"Na yi rantsuwa a kan Littafi cewa ba zan faɗi wannan magana ba," in ji Vergie. "Shi kuma ya rantse ba zai ƙara taɓa akwatin nan ba. A zama ɗaya muka rantse. Ya taɓa, to tawa ta faɗi. In Allah bai ga haka ba, tsakanina da shi ne, ni zan amsa. Rubuta."

Ta faɗa mata duka, daga motocin katako har ƙyallayen bayan gidan Corine da doguwar takardar da za a kai yau. Biron Fasto ya tsaya sau biyu. Da aka zo kan famfon bayi sai ta ajiye shi gaba ɗaya.

"Wata biyu ina yanka tagogi a ƙofofi," ta ce. "Wata biyu! Ashe da hannuna na miƙa masa. Kuma da 'yar takardata ta sa hannu zai rufe doguwar tasa."

"Ba ke kika wanke shi ba. Mu ne."

"Mama Vergie, ki sani, in na rubuta wannan ba ya zama a nan. Dole in kai wa hukumar kare tsofaffi, in kai wa shugaban gundumar cocinmu. Za su tambaye ki me ya sa kika yi shiru shekara biyar."

"Su tambaya. Ni ma kullum sai na tambaya."

Fasto ta karanta mata abin da ta rubuta, ta miƙa mata biro. Vergie ta zana sunanta harafi bayan harafi, harshe a tsakanin haƙora. Sannan ta tashi ta cika akwatin.

Bayan Jibi, Cleophus har ya miƙe ya kama maɓallin kwat. Fasto ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Yau ni zan kai da kaina, Mama Vergie za ta raka ni. Ɗan'uwa Cleophus, ina son ganinka gobe ƙarfe goma, kai da shugaban dattawa." Ya tsaya a rabin miƙewa, kamar wanda baya ya riƙe. Mai piyano ta yi sauri ta kama waƙa.

A bakin ƙofa ya matso kusa da Vergie, murmushin ya tafi.

"Kin ci rantsuwa, tsohuwar banza."

"Kai ka fara ci, ɗan nan. Ni ragowar na samu. Matsa, akwati ne a hannuna."

Ranar kan Corine ya ɗan yi nisa, sai ta kira Vergie da sunan yayarta da ta rasu. Amma ta karɓi gurasa, ta sha, ta bi addu'ar Ubangiji ba ta ɓata ko kalma ɗaya ba. Ta sa hannu a ƙaramar takardar, ta riƙe biro tana jira.

"Doguwar fa? An ce akwai doguwa."

"Babu doguwa, Mama," in ji Fasto. "In wani ya kawo miki, ki ce sai Fasto ta gani."

"To ku dai kun cika canje-canje."

Vergie ta ɗauko almakashi a kicin ta nufi itatuwa. Fasto ta bi ta da gudu, takalmin coci yana nutsewa a ƙasa. "Tsaya, Mama, kar ki yanke tukuna! Bari in ɗauki hoto." Haka suka bi layin nan cikin zafin rana, ɗaya na ɗauka, ɗaya na yankewa.

'Yar ƙanen Corine ta iso daga Detroit ran Alhamis, ta sa lauya ya ɗaure filin yadda sa hannun tsohuwar kaɗai ba zai sayar da ko reshe ba. Masu katako suka ce su ba ruwansu, Cleophus ne ya ce musu an gama magana. Mutanen hukuma suka zo, suka yi wa Vergie tambayoyi awa biyu. Maganar Idella kuwa, suka ce mai ita ta rasu, sa hannun nata ne, takardar yarjejeniya babu. Jikokinta ba su ga ko dala ɗaya daga cikin abin da ya rage ba, kuma ba za su gani ba.

Rabin coci suka daina gaida Vergie. Wai ta tona asirin mai tuba, wai ta kori mutumin da ya sayi sabon piyano. Wata a zumuntar mata har ta ce ita ba za ta ci gurasar mai cin rantsuwa ba. Vergie ta ce to ta zo da tata daga gida.

Cleophus bai zo ganin Fasto ba. Sati uku bayan nan labari ya iso cewa shi da Lurleen sun koma wani cocin Methodist a ƙaramar hukumar da ke maƙwabtaka, inda faston ma a Yuli ya zo. Har an sa shi a ƙungiyar mawaƙa, ya kuma ce yana da mota in akwai tsofaffin da ke bukatar ziyara.

Vergie ko zanen kicin ba ta cire ba ta isa ofis.

"Na riga na rubuta wa shugaban gunduma, Mama."

"Rubutu yana kan teburin wani. Lahadin farko saura kwana tara. Kira faston can, ina tsaye."

Fasto ta dube ta, ta jawo waya ta nemo lambar. Tana jiran a ɗauka, Vergie ta ƙwanƙwasa aljihun teburin da yatsa.

"In kin gama kuma, ki sa kwafin abin da na faɗa miki a nan ciki, ki ɗaura makullin a jikin makullan coci. Ke ma watarana bishop zai karanta sunanki, ki naɗe kaya."

Can aka ɗauka. Fasto ta gyara zama, ta faɗi sunanta da na cocinta, ta ce, "Akwai wani mutum da ya zo muku. Ka samu biro."